Kafin ka saki agogon Baba, juya bayansa

Jama'ar New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Douala, a yi hattara da tsofaffin agogunan Japan da ke kwance a akwatunan iyayenmu. Agogon da ake wanawa da hannu, wanda yara ke yi wa kallon tarkace tun da wayar salula ta ƙwace aikin faɗin lokaci, yanzu nemansa ake yi ruwa a jallo. Masu tara kayan da a Turai da Amurka da ita kanta Japan suna zuba kuɗi a kan Seiko da Citizen da Orient na shekarun 1950 da 1960. Inda kuɗi ya motsa kuwa, 'yan damfara ba sa barci. Ko dai a raba ka da na gaske a kan kuɗin goro, ko a ɗora maka na haɗe-haɗe da sunan tsohon asali. Gari mai tashar jiragen ruwa irin namu, inda kayan gwanjo ke sauka kwantena-kwantena su bazu shagunan brocante, ƙofarsa a buɗe take ga duka biyun.

Na haɗe-haɗen nan masana'anta ce sukutum. Masu harkar agogo sun laƙaba musu sunan Mumbai, saboda daga Indiya mafi yawansu ke fitowa. Sai a ɗauko injin da ya gaji, a zura shi a gidan wani agogon, a sake wa fuskar fenti mai ɗaukar ido, ja ko kore ko ruwan ɗorawa, a buga sunan Seiko ko Citizen a kai. Abin da ya sauƙaƙa musu, tun 1961 kamfanin gwamnatin Indiya HMT ya shiga ƙera agogo da fasahar Citizen, don haka injunan suna kama da juna sosai. Agogon HMT ba shi da laifi in an sayar da shi da sunansa. Laifin yana wurin wanda ya canza masa riga ya ce ɗan Tokyo ne. Irin waɗannan na haɗe-haɗen kan yi tafiya mako biyu ko uku, su tsaya, mai sayarwa kuma ya yi layar zana.

Alhali Seiko na gaske yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa, sai dai a rasa mai karantawa. Juya marfin baya. Daga tsakiyar shekarun 1960 za ka ga lambobi takwas da ɗan layi a tsakiya. Huɗun farko sunan inji ne, misali 6602, wanda injin wanawa da hannu ne; huɗun ƙarshe na gidan agogon ne. Lambar injin nan dole ta dace da wadda aka buga a jikin injin a ciki, ta kuma dace da ƙananan rubutun da ke can ƙasan fuska, kusa da ƙarfe shida. In ukun nan suka saɓa, mayar masa da kayansa, ka yi gaba. Akwai kuma wata lamba mai shida ko bakwai: ta farko ita ce ƙarshen shekarar ƙira, ta biyu wata, inda N ke nufin Nuwamba, D kuma Disamba. Wanda ya fara da 7N, ka san a Nuwamban shekara mai ƙarewa da 7 aka yi shi, injin ne zai gaya maka 1967 ce ko 1977. Seiko 5 kuwa, wanda alhazai suka sha kawo mana tsaraba daga Makka, wani da ranakun mako a rubuce da Larabci, ya fito a 1963 a matsayin mai wana kansa da motsin hannu. In an buɗe ka ga injin wanawa da hannu, babu faifai mai lilo a bayansa, an yi maka haɗi.

Kada rubutu ya ruɗe ka. 17 JEWELS ba lu'ulu'u ba ne, ƙananan duwatsun masana'anta ne da ke rage gogayya. SGP ruwan zinariya ne kawai aka shafa. Wanda ya farfasa agogo don neman zinariya ya yi biyu babu.

Ɓarnar da ta fi damuna ma ba ta 'yan damfara ba ce, ta masu kyakkyawar niyya ce. Mutum zai kai agogon mahaifinsa wurin mai gyara ya ce a sabunta masa. Sai a goge gidan da injin gogewa har gefunansa su zagwanye, a kankare fuskar a sake fenti, wani lokacin ma a cire injin gaba ɗaya a sa na batir mai araha, tsohon injin ya faɗa cikin gwangwanin kayan gyara. Mai agogo ya tafi yana murna, bai san an kashe abin da ya ba agogon daraja ba. Masu saye tsufan nan suke biya: fentin asali ko da ya dushe, hannuwan asali, injin asali. Abin da tsohon agogo ke buƙata shi ne a kwance injin, a wanke, a sa sabon mai. Ka tsaya a kansa, ka ce wa mai gyara: "Malam, wanki da mai kawai, fuska kada a taɓa, duk abin da aka cire kuma a ba ni."

Su ma masu gyaran ina jan kunnensu, don nasu ya shafi lafiya. Wasu agogunan da aka ƙera kafin shekarun 1960 an shafa wa lambobinsu da hannuwansu sinadarin radiyom don su yi haske da dare. Hasken ya mutu, fentin ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa, amma gubar tana nan, sai ta shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinta ya tafi. A shekarun 1920 a Amurka, 'yan matan da ke shafa wannan fenti suna lasar bakin burushi, haɓarsu ta riƙa ruɓewa, da yawa suka mutu. Kada a kankare irin wannan fuska, kada a hura ƙurarta da baki, kada a ci goro a kan teburin.

Sai ruwa. Wanda ya yi damina ɗaya a Douala ya san Yuli da Agusta, ya san yadda danshi ke cin ƙarfe ko a cikin ɗaki. Robar da ke tare ruwa a agogon da ya shekara hamsin ta daɗe da mutuwa, komai aka rubuta a bayansa. Cire shi kafin alwala. Ka ga hazo a ƙarƙashin gilashi, ranar za ka kai shi wurin mai gyara, ba bayan sallar Juma'a ba. Wurin wanawa kuma, da ka ji ya yi tauri ka tsaya.

In kuwa agogon na mamaci ne, to gado ne, haƙƙin magada duka, mata da maza. Ɗa ɗaya ba shi da ikon zare shi daga akwati ya miƙa wa dillali a bakin Marché Central. Duk wanda ya zo maka da gaggawa yana cewa ai tsohon ƙarfe ne, karɓi wannan ka sha ruwa, ka ce masa ya dawo mako mai zuwa. Kafin nan ka ɗauki hoton fuska da marfin baya, ka rubuta lambobin a takarda, ka nuna wa masu gyara biyu da ba su san juna ba, sannan ka tara 'yan'uwa a yi maganar farashi.