Ƙwayoyin bakteriya masu cinye guba a ruwan ƙarƙashin ƙasa

Tsakanin 1953 da 1987, sojoji da iyalansu a sansanin Camp Lejeune, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, sun sha ruwan rijiyoyin da sinadaran TCE da PCE suka gurɓata. Sinadarai ne masu kulorin, waɗanda ake goge maiƙo daga ƙarafa da su, ko a wanke tufafi ba tare da ruwa ba. A 2012 hukumar binciken kansa ta duniya ta saka TCE cikin abubuwan da ke haddasa kansar ƙoda.

Matsalarsu ita ce sun fi ruwa nauyi. In sun zube sai su nutse, su laɓe cikin laka, suna narkewa kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Shi ya sa zuƙo ruwan da injin a tace shi a sama yake cin kuɗi da lokaci.

Mafita ta ɓullo a 1997, lokacin da masana a jami'ar Cornell, cikinsu har da Stephen Zinder, mai suna irin na birninmu Damagaram a takarda, suka ware wata bakteriya da ake kira Dehalococcoides. Ita da waɗannan sinadarai take numfashi, kamar yadda mutum ke numfashi da iska.

Aikin a can ƙasa ake yin sa. Ana haƙa ƙananan rijiyoyi a ɗura ruwan rake mai kauri ko man waken suya. Wasu bakteriya su ruɓar da shi, su saki haidurojin. Da wannan haidurojin Dehalococcoides ke cire kulorin ɗaya bayan ɗaya, har sinadarin ya koma etilen, iskar da ke nunar da ayaba. Inda ƙasar ba ta da wannan bakteriya, sai a kawo ta daga ɗakin gwaji a zuba, kamar yadda aka gwada a sansanin sojan sama na Dover.

Amma akwai haɗari. In aikin ya tsaya a tsakiya, binil kulorid ke taruwa, shi ma yana sa kansar hanta. Don haka sai an riƙa auna ruwan a kai a kai.

Ga Maraɗi da Damagaram, masu dogaro da ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da ya fi sauƙi shi ne masu gareji da masu wankin tufafi su daina zubar da ragowar sinadari a ƙasa. Doka a Amurka ba ta yarda TCE ya wuce mikrogiram 5 a lita ɗaya ta ruwan sha ba.