Ranar da tattabara ta tsere wa intanet: Me ya sa filash ke riga data isa?

A watan Satumban 2009, wani kamfani a Afirka ta Kudu ya gaji da jan ƙafar intanet ɗinsa, sai ya shirya gasa. Aka ɗaura wa wata tattabara mai suna Winston katin memori mai ɗauke da bayanai gigabayit 4, aka sake ta ta nufi wani ofishin kamfanin da ke kusa da Durban, tafiyar kimanin kilomita 80. A daidai lokacin kuma aka fara tura waɗannan bayanai ta intanet.

Cikin awa biyu da 'yan mintuna tattabarar ta isa, har an kwafe bayanan a kwamfuta. Intanet kuwa kashi 4 cikin 100 kacal ya tura.

Daga wancan lokaci zuwa yau intanet ya ƙara gudu sosai. A Najeriya an fara 5G a 2022, Starlink ma ya shigo a 2023. Sai dai bidiyo da hotuna su ma sun ƙara nauyi. Shi ya sa har gobe mai ɗaukar bidiyon biki ke tsayawa lissafi: ya ɗora aikin a intanet ne, ko ya zuba a filash ya kai tasha ya ba direba?

Ƙaramin b da babban B

Ruɗanin farko daga ma'auni yake. Kamfanonin sadarwa suna tallar gudunsu da megabit a daƙiƙa, wato Mbps. Waya da kwamfuta kuwa suna nuna nauyin fayil da megabayit, wato MB. Bit takwas ne ke yin bayit ɗaya.

Don haka idan an sayar maka da intanet mai gudun 100 Mbps, ka raba da takwas. Iyakar abin da zai sauko a daƙiƙa ɗaya megabayit 12.5 ne, shi ma in hanya ta yi kyau. Ba cutarka aka yi ba, mudun ne ya bambanta.

Sannan gudun saukewa daban, na ɗorawa daban. A yawancin layukan waya da na gida, ɗorawa ta fi nawa, kuma ita ce mai tura aiki yake buƙata.

Bidiyon gigabayit 50

Mu ɗauka kana da bidiyon biki mai nauyin gigabayit 50. Idan gudun ɗorawarka 10 Mbps ne, za ka shafe awa 11 kana jira, muddin wuta ba ta ɗauke ba, data kuma ba ta ƙare ba. A kan 100 Mbps, awa ɗaya da 'yan mintuna.

Idan kwamfutoci biyu ne a ofis ɗaya aka haɗa da kebul mai gudun gigabit, minti bakwai zuwa takwas ya isa.

Ta USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, an rubuta 480 Mbps a takarda, amma a aikace ba ta cika wuce megabayit 35 zuwa 40 a daƙiƙa ba. Aikin zai ci fiye da minti 20. USB 3.0 ta 2008, mai gudun gigabit 5, za ta gama cikin kusan minti biyu idan ma'ajiyar SSD ce aka jona.

A cikin kwamfuta kuwa, SSD mai amfani da SATA kan kai megabayit 550 a daƙiƙa, nau'in NVMe kuma daga 3,500 zuwa 7,000.

Bakin mazurari

Ko ganga ka juye, man da zai shiga jarka gwargwadon bakin mazurari ne. Haka tura bayanai yake: duk abin da ya fi nawa a hanyar, shi ke yanke hukunci.

Filash mai arha na iya ɗaukar tambarin USB 3.0, amma cikinsa ba ya iya rubutu da sauri. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ba ya wuce megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, komai kyawun ramin da aka jona shi. Katin memori mai alamar 10 a cikin da'ira alƙawarin megabayit 10 kawai ya ɗauka, mai alamar V30 kuma 30.

Siffar rami ma ba hujja ba ce. A 2023 Apple ya saka USB-C a iPhone 15, amma gudunta na USB 2.0 ne. iPhone 15 Pro ce ke kai gigabit 10, ita ma sai an sayi kebul na daban, domin wanda ke cikin kwali ba ya wannan gudun.

Har masana ma jirgi suke ba wa saƙo

Hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya, wanda aka fitar a Afrilun 2019, an haɗa shi ne daga bayanai kimanin petabayit 5, wato gigabayit miliyan biyar. Ba ta intanet aka tura su ba. Faifan ajiya aka loda a jiragen sama zuwa cibiyoyin bincike a Amurka da Jamus.

Kafin ka sake kashe kuɗi a kan sabon layi ko sabon filash, raba Mbps da takwas, tambayi gudun ɗorawa, sannan ka gwada kwafe babban fayil ɗaya a gaban mai shago ka ga lambar da kwamfuta za ta nuna. Idan hoto ne ko takarda, intanet ya wadatar. Idan kuwa aiki ya kai gigabayit masu yawa, ga mai biki na jira, ka ajiye kwafi ɗaya a wurinka, ka ba direba filash.