In Likita Ya Ce A Bar Alkama, Me Za A Ci A Sabon Birni?

Da ƙarfe bakwai na safe, tun kafin a buga ƙararrawar makaranta, teburin mai shayi a Sabon Birni ya riga ya cika. Wannan ya ce a yanka masa burodi, wancan ya ce indomi da ƙwai. A bakin ƙofar makaranta kuma ga mai fanke, ga mai cincin, ga yaro da tiren biskit. Mu ma da muke rubuta wannan shafi haka muka taso, kuma har gobe ba mu raina shayi da burodi ba. Amma ku sake duba abin da muka lissafa. In aka cire ƙwai da ruwan shayin, sauran duk alkama ce.

Ga yawancinmu wannan ba abin damuwa ba ne. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da alkama ko kaɗan, kuma da yawansu ba su sani ba.

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji ɗaya na babbar sakandare. Ba sai mun sa mata suna ba, don ana iya samun irinta a Isa ko Gatawa ko kowane gari. Cikinta kullum a kumbure, gudawa tana tafiya tana dawowa, tana cin abinci amma ba ya kama jikinta. Sa'o'inta duk sun fi ta tsawo, sun fara al'ada, ita shiru. A aji kuwa gajiya da gyangyaɗi, har malamai suna mata kallon malalaciya. Inna ta ce tsutsar ciki ce, aka sha magani. Goggo ta ce shawara ce, aka sha jiƙo. Aka yi ta fama shekara da shekaru, sai ranar da wani likita ya tambaye ta abin da take ci daga safe zuwa dare, ya duba idonta ya ga alamar ƙarancin jini, ya ce yana zargin cutar siliyak.

Abin da ke faruwa a cikin hanji

A cikin alkama akwai wani sinadari mai suna gulutin. Kuna iya ganinsa da idonku a gida. Ku kwaɓa fulawa da tauri, ku bar ta ta ɗan huta, sannan ku yi ta wanke curin a cikin ruwa har farin ruwan ya daina fita. Abin da zai rage a hannunku wani abu ne mai danƙo, yana miƙewa kamar cingam. Shi ne gulutin, kuma shi yake riƙe iska a cikin kwaɓi har burodi ya tashi. Ku gwada da garin gero, za ku ga ya watse a ruwa bai bar komai ba. Dalilin ke nan da ba a yin burodi mai laushi da gero zalla. Bayan alkama, akwai gulutin a sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai.

To, bangon ƙaramin hanjinmu ba sumul yake ba. Yana da 'yan ƙananan tsiro barkatai, kamar gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. Mai cutar siliyak in ya ci gulutin, sai garkuwar jikinsa ta ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ta tashi faɗa, amma a garin faɗan hanjin ne yake shan duka. Tsiron nan su lalace su kwanta, tawul ya koma kamar leda. Ku gwada goge ruwa da leda ku gani. Haka abinci yake wucewa ta cikin irin wannan hanji, jiki bai samu ƙarfen da yake haɗa jini da shi ba, ƙashi bai samu abin da zai yi ƙwari ba. Daga nan ake samun rama, da tsumburewa, da jinkirin balaga. Wasu ma ba sa gudawa sam, sai dai ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, ko ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa.

Ba a ɗaukar cutar daga wani, don haka babu dalilin gudun kwanon mai ita. Gado ne yake share mata hanya. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita.

An daɗe da sanin ciwon kafin a gano mai laifin. Wani likitan Ingila, Samuel Gee, ya bayyana alamominsa a 1888, amma wanda ya kama alkama dumu-dumu shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. A hunturun 1944 zuwa 1945, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta afka wa ƙasarsu, burodi ya yi wuyar samu. Abin mamaki, yaran da ke fama da wannan ciwo sai suka fara samun sauƙi a daidai lokacin da kowa yake ramewa. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Dicke ya daɗe yana zargin alkama, kuma a 1950 ya gabatar da bincikensa a kai.

Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. A 1999 wasu likitoci ƙarƙashin jagorancin Carlo Catassi na Italiya suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara kusan dubu na al'ummar Sahrawi, waɗanda da yawansu suke zaune a sansanonin gudun hijira na Tinduf a Aljeriya. Suka samu 5.6 cikin 100 suna da alamar cutar a jininsu, wato kusan yaro 1 cikin 18, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Kakannin waɗannan yara makiyaya ne masu rayuwa a kan nonon raƙumi da nama da ɗan hatsi, amma jikokin sun tashi burodin alkama ne babban abincinsu. Wannan labari ya kamata ya sa mu tunani, domin mu ma cimarmu ta canja. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sunanta ma daga Larabci muka aro shi, kuma an daɗe ana nomanta a fadama lokacin hunturu. Amma a da abincin biki ce da Sallah, alkaki da funkaso. Yanzu kuwa akwai ɗalibin da sau uku yake cin ta a yini, mafi yawanta kuma a jirgin ruwa ake shigo da ita daga waje.

Gwaji tukuna

Nan ne muke so ku natsu. Ba duk mai gudawa da rama ne yake da siliyak ba. A yankinmu tsutsar ciki, da gurɓataccen ruwa, da taifod, da maleriya, da rashin isasshen abinci sun fi ta yawa nesa ba kusa ba, kuma likita zai fara da su. Saboda haka kada ku karanta wannan shafi ku yanke wa kanku hukunci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da mutum ya ji zargi sai ya daina cin alkama nan take, sannan bayan wata biyu ya je gwaji. Gwajin jinin, wanda ake kira tTG, yana neman alamar faɗan da garkuwar jiki take yi da gulutin ne. In an daina cin alkama faɗan ya lafa, gwaji ya nuna lafiya lau alhali ciwon yana nan, kuɗi sun tafi a banza. A Ingila ƙa'idar likitoci ita ce mutum ya ci gaba da cin abinci mai gulutin kullum, aƙalla mako shida kafin a ɗebi jininsa. In jini ya nuna alama, sau da yawa akan zura siririn bututu mai kyamara ta baki, a ɗebo ɗan ƙanƙanin nama daga hanji a duba.

Mun san ba kowane ɗakin gwaji ne yake yin wannan ba. Mai yiwuwa daga asibitin Sabon Birni ko na Isa a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma duk wanda yake zaune a gabashin jihar ya san tafiya a shekarun nan ba abin wasa ba ce, ga tsadar mota ga fargabar hanya. In hakan ta sa likita ya ce a gwada barin alkama a gani, to a yi shi da saninsa. Ku ware littafi guda, kullum ku rubuta abin da kuka ci da yadda cikinku ya kwana, ku riƙa hawa sikeli duk wata. Ranar komawa asibiti littafin nan zai yi muku magana fiye da "da sauƙi" da muka saba cewa ko muna jin jiki.

Gero bai taɓa yi mana laifi ba

In an tabbatar, babu allura babu ƙwaya. Maganin ɗaya ne, barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Da jin haka gaban ɗalibarmu zai faɗi, amma a ganinmu Bagobiri ya fi Bature sa'a a nan. Bature da burodi da taliya ya buɗe ido, in aka hana shi sai ya koma sayen abinci na musamman mai tsada. Mu kuwa ƙasar gero ce. Dakarun Bawa Jan Gwarzo a Alƙalawa ba da indomi suka yi ƙarfi ba. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, rogo, dankali, doya, wake, gyaɗa, duk babu gulutin a cikinsu. Haka nama da kifi da ƙwai da nono da ganye da 'ya'yan itace. Fura da nono, ko hura kamar yadda ake cewa a can, tuwon dawa miyar kuka, kunu da ƙosai, alala, dambun masara da zogale, shinkafa da wake da mai da yaji, duk nata ne. Ko da azumi, kusan duk abin buɗa-baki na gargajiya tana iya ci.

Wahalar tana wajen alkamar da ta ɓuya. Ɗanwake shi ne babban tarko. Asalinsa garin wake ne da rogo da kuka, amma yau masu sayarwa da yawa fulawa suke zubawa, wasu ma fulawa zalla. Waina ta shinkafa ce, amma akwai masu ƙara fulawa don ta yi auki. Akwai masu sa alkama a kunun zaƙi. Tuwon semo, wanda wasu suke ɗauka masara ce saboda farinsa, alkama ce. Kuskus na leda alkama ne, taliyar murji alkama ce, gurasa ma haka. Wasu masu suyar kifi sukan barbaɗa masa fulawa.

Sai kuma cuɗanya, wadda ta fi wuyar kiyayewa. Ƙa'idar duniya ta ce kafin a kira abinci marar gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Wato ɓurɓushin burodi ma yana iya tayar da faɗan. Ku tuna injin niƙan unguwa, inda aka niƙa alkamar wani gida sannan aka zuba geronku. Ku tuna kaskon da aka soya fanke sannan aka saka ƙosai a man, da wuƙar mai shayi, da rariyar da aka tankaɗe fulawa. Dabarar ita ce a kai niƙa lokacin da ba a sa alkama a injin ba, a ware garin farko a ba sauran mutanen gida, ko a koma turmi in abin kaɗan ne. A ware mata rariya da muciya da kwanonta.

Kayan leda da na gwangwani kuwa, karatu ne zai cece ta, kuma ga inda zuwa makaranta ya yi rana. Dunƙulen ɗanɗano na miya, da garin shayi mai cakulan, da lemon malt, a juya bayansu a karanta. In an ga wheat, ko barley, ko rye, ko semolina, a ajiye. In an ga malt ba a faɗi na wane hatsi ba ne, shi ma a ajiye. Kayan da suka shigo ta Maraɗi da Faransanci ake rubuta su, sai a nemi blé da orge da seigle. Daddawar kalwa dai ba ta buƙatar wannan bincike.

Akwai abin da ya fi yunwa ciwo, wato bakin mutane. A al'adarmu mayar da abinci abin kunya ne. Ranar Sallah an miƙo cincin da dubulan, ta ce ba ta ci, sai a ce iyayi ne, ko boko ya hau mata kai. Wata goggon ma za ta ce, "Haba ɗiyata, ɗan wannan guda ɗaya mi za ya yi miki?" Gara a faɗi gaskiya a taƙaice: "Goggo, likita ne ya hana ni alkama, tana ɓata mini hanji. In akwai tuwo ko hura, ina so." Wanda ya san mai ciwon suga ba ya shan zaƙi zai gane. Ku kuma abokan ajinta, ba ƙauna ba ce ku ce ta ɗan taɓa. In kuna son kyautata mata, ku sayo gyaɗa ko aya ko dabino a ci tare.

Ɗalibin makarantar kwana sai ya ƙara shiri. Ya karɓo takardar likita, mahaifi ko yaya ya raka shi wurin shugaban makaranta da malamin da ke kula da abinci, a san abin da za a ba shi ranar burodi ko taliya. A akwatinsa kada a rasa garin rogo da ƙuli-ƙuli da gyaɗa.

Yawanci cikin 'yan makonni ciki yake lafawa, ƙarfi ya fara dawowa, amma hanji yakan ɗauki watanni kafin ya warke, a manya ma har shekara ɗaya ko biyu. Jin sauƙin nan shi yake yaudarar mutane su koma teburin mai shayi, ciwon kuwa ya ci gaba da ɓarna ko da ba a ji komai ba. Likita zai iya ƙara mata maganin ƙarin jini na ɗan lokaci. Zai kuma so ya ga iyayenta da waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da ita, domin a cikin dangi na kusa haka kusan mutum 1 cikin 10 yakan kasance da cutar, har da ƙanen nan nata da ake ta cewa ƙaramin jiki ne kawai gare shi.