Salatif da littafin kakana

A gafakar kakana akwai wani littafin fiƙihu, rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki. Ina saurayi na ga gefensa ya fara yagewa, na sayo salatif na bi shi da liƙi, ina ganin aikin lada na yi. Yau wurin ya yi ja kamar an ɗiga manja, kuma duk inda ledar ta ɓare ta tafi da baƙaƙe.

Masu gyaran tsofaffin littattafai ba sa taɓa warƙa sai sun san abin da ke jikinta. Da farko sukan ɗaga ta a haske. Yawancin takardun da malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 suna ɗauke da tambarin jinjirin wata uku, irin na masana'antun arewacin Italiya, fatake suka ratso Sahara da su. Sai tawada. Idan aka ɗauki hotonta da hasken infirared, ta gawayi tana nan baƙa wuluk, ta jiƙon itatuwa kuwa sai ta ɓace. Akwai kuma na'urar XRF mai harba hasken eksire, ta faɗi ko da ƙarfe a ciki ba tare da an kankari ko ɗigo ba. Ba ƙwalisa ba ce. Tawada mai ƙarfe tana cin takarda sannu a hankali har harafi ya zama huji, danshi kuma yana ƙara mata azama. Ta gawayi da ƙaro ba ta ci, amma ruwa kaɗan ya ishe ta, kowane almajiri mai wanke allo ya san wannan.

Abin liƙin masu gyaran ne ya ba ni kunya. Sitacin alkama ake damawa kamar koko, a shafa a wata takarda shara-shara ta Japan da ake yi da ɓawon itace. Babu guba, kuma bayan shekara 50 wani zai iya ɗan jiƙa ta ya ɗaye.

Da 'yan bindiga suka kama Timbuktu a 2012, Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa suka kwashe dubban littattafai a ɓoye, cikin adakokin ƙarfe, a mota da kwalekwale, zuwa Bamako. An tsere wa wuta, aka tarar da laima. Sai da aka haɗa da na'urorin tsotse danshi, aka kuma riƙa yi wa littattafan akwatunan kwali marasa asid.

Namu ma yana cikin kwali yanzu, nesa da bango saboda gara. Salatif ɗin na bar shi yadda yake, ɓare shi aikin gwani ne, ni kuwa hannuna ya riga ya yi nasa.