Kumburin Fuskar Yara Da Likitan Da Ya Bi Sawunsa

Kowace uwa ta san hangum. Yaro ya kwanta lafiya lau, gari ya waye kumatunsa sun kumbura, ga zazzaɓi, ya ƙi tuwo. Bayan mako guda ko kwana goma sai kumburin ya sace, ya koma wasansa. Amma akwai wani kumburin fuska wanda ba ya sacewa. Daga cikin ƙashin muƙamuƙi yake tasowa, haƙora su soma girgiɗi, wani lokaci ido ya turo waje. A dā, yaron da abin ya kama ba ya wuce 'yan watanni. Yau kuwa yana da magani. Ga yadda aka yi aka gano shi.

Yara Biyu A Yuganda

A shekara ta 1957 akwai wani likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala, ƙasar Yuganda, ana ce da shi Denis Burkitt. Mutumin Ailan ta Arewa ne, an haife shi a 1911. Ido ɗaya gare shi, gama yana ɗan shekara 11 aka jefe shi da dutse a makaranta, idon dama ya mutu. Wata rana abokin aikinsa, Likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt ya duba, ya ɗauki hoto, ya ga babu inda wuƙa za ta yi amfani.

Ba a daɗe ba ya je ziyara asibitin Jinja. Yana leƙawa ta taga sai ga wani yaro zaune da uwarsa, fuskarsa kamar ta na farin. Da ya gwada shi, sai ya ji akwai ƙari a cikinsa kuma. To, daga nan abin ya tsaya masa a rai. Ya koma ya kwaso tsofaffin takardun asibiti yana bi ɗaya ɗaya. Ashe yaran da aka rubuta musu ciwon muƙamuƙi, da na ido, da na ƙoda, da yawansu cuta guda ce take damunsu, ta ɓullo a wurare dabam dabam. A 1958 ya buga rahoto a kan yara 38. Daga baya masu duba tsoka da madubin likita suka tabbatar wani irin ciwon daji ne na fararen ƙwayoyin da ke tsaron jiki. Shi ne yau ake kira da sunan Burkitt.

Tafiyar Mil Dubu Goma

Matambayi ba ya ɓata. Da gudummawar fam 25 kacal Burkitt ya buga takardu masu hoton yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan wajen 1,000 a faɗin Afirka. Tambayar ita ce, kun taɓa ganin irin wannan? Duk inda aka amsa i, sai ya kafa allura a taswirar da ke bangon ofishinsa. Sannu a hankali allurai suka jeru kamar ɗamara a tsakiyar Afirka, daga gabas zuwa yamma.

A watan Oktoba na 1961 ya tashi ya gani da idonsa. Abokan tafiyarsa likitocin mishan ne guda biyu, Ted Williams da Cliff Nelson. Suka shiga wata tsohuwar mota Ford, suka nufi kudu har Afirka ta Kudu, suka komo. Mako 10 suka yi, mil 10,000, asibitoci fiye da 50. Ba su ɗauki wata na'ura ba, sai hotuna da littafin rubutu.

Abin da suka gano ya ba da mamaki. A kwari mai zafi, bakin tafki ko kogi, ciwon yana da yawa. A kan tuddai masu sanyi kuwa babu shi. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma, sai ya tarar ana ganinsa sosai a kudancin Nijeriya mai yawan ruwa, amma a wajen Kano da wuya likitocin lokacin suke haɗuwa da shi. Wato ciwon yana son ɗumi, yana son damina mai ƙarfi. Wane abu ne kuma ke son waɗannan biyu? Sauro. Aka kuma lura cewa a wurare kamar Zanziba, inda aka yi yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, ciwon ya yi ƙaranci.

Hazo Ya Yi Rana

Tun kafin wannan tafiya, a watan Maris na 1961, Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex a Landan. Cikin masu sauraro akwai wani masanin ƙwayoyin cuta, Anthony Epstein. Da ya ji cewa ciwon daji yana bin yanayin ƙasa, sai ya yi zaton lalle akwai ƙwayar cuta a ciki. Ya roƙi Burkitt ya riƙa aiko masa da gutsuren ƙarin ta jirgin sama daga Kampala.

Kusan shekara uku Epstein yana nema, bai ga kome ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya rufe Landan, aka juya jirgin zuwa Manchesta, saƙon ya iso a makare. Ruwan da ke cikin kwalbar ya gurɓace, kamar abin ya ruɓe. Maimakon ya zubar, sai ya sa a madubi. Ashe ƙwayoyin ƙarin ne da ransu suke yawo a ciki, jijjigar doguwar tafiya ta warware su. Ya yi kiwonsu, suka yaɗu. A 1964, shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar cutar. Ana kiranta Epstein-Barr, ita ce bairas ta farko da aka kama da hannu a ciwon dajin ɗan adam. Daga baya aka same ta kuma a wani ciwon daji na can bayan hanci, wanda ya fi yawa a kudancin Sin.

Kada wannan ya tsorata mai karatu. Cikin manya 10 a duniya, 9 suna ɗauke da wannan ƙwaya, ta yau take yaɗuwa, kuma yawanci ba ta yin kome. Sai zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kada yaro a kai a kai, ya gajiyar da masu tsaron jikinsa, sa'an nan ƙwayar takan sami ƙofa a jikin kaɗan daga cikin yara. Ciwon kansa ba a ɗaukarsa daga wani. Ba sammu ba ne, ba kuwa laifin uwa ba.

Inda Wuƙa Ta Kāsa

Likitocin fiɗa ne suka fara yarda cewa yanka ba ya warkar da wannan ciwo, gama kafin a gan shi a fuska ya riga ya bazu a jiki. Sai suka juya ga magani. Burkitt a Kampala, da Peter Clifford, likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Nairobi, da Victor Ngu, mutumin Kamaru da ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, suka gwada magungunan ciwon daji irin su methotrexate da cyclophosphamide. Sai ga kumburin da ya rufe wa yaro baki yana narkewa cikin 'yan kwanaki, fuska ta koma yadda take. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba lambar girma ta Lasker a Amurka saboda wannan aiki. Burkitt ya rasu a 1993.

Ya Ku Iyaye

Ko da yake a zamanin Burkitt an ga ƙarancinsa a arewa, asibitocinmu na koyarwa suna karɓar yara masu wannan ciwo. Ya fi kama 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Yana kuwa da sauri ƙwarai, gama ƙwayoyinsa suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu. A ƙasashe masu arziki, cikin yara 10 wajen 9 suna warkewa. A Afirka ba a kai haka ba, kuma cikin manyan dalilai akwai zuwa asibiti a makare da barin magani a tsakiya.

Saboda haka, in kuka ga kumatun yaro ko muƙamuƙinsa yana ƙaruwa kullum, ko da ba ya kukan zafi, ko turamen haƙoransa suna girgiɗi ba dalili, ko ido ya turo, ko ciki yana kumbura da tauri, kada ku jira ranar kasuwa ta zagayo. Kada a kai shi wurin wanzami a yi masa sakiya ko tsaga, kada kuma a tsaya kan cire haƙori. A nufi babban asibiti, a bari likita ya ɗebi ɗan gutsure ya duba. In an soma magani kumburi ya sace, kada ku ce an gama, ku cika dukan zuwan da aka rubuta muku. Da dare kuwa, a tabbata kowane yaro ya kwana cikin gidan sauro.