Gadon Girman Kwanso a Waken Suya

Kwanson waken suya yakan ɗauki ƙwaya biyu ko uku, wani lokaci huɗu. Tsawonsa da faɗinsa da girman ƙwayar da ke ciki duk gado ne daga iri, amma ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da ragamar ba. Tun da aka kammala karanta tsarin halittar waken a 2010 aka ga yana ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 46,000, kuma da dama daga cikinsu ne ke haɗuwa, kowace ta ƙara ɗan abu kaɗan ga girman kwanso. Shi ya sa masu inganta iri ke shan wahala a nan: in ƙwaya ta yi girma, sau da yawa yawanta a jikin tsiro yakan ragu.

Akwai ƙwayar gado ɗaya da tasirinta ke bayyana a ido, wadda ake kira Ln. Irin da ganyensa ke da siriri yakan fi yawan kwanso mai ƙwaya huɗu, mai faffaɗan ganye kuwa ya tsaya a biyu zuwa uku.

Ga manomin Miga ta Jigawa, abin da ya fi girman kwanso muhimmanci shi ne fashewarsa. Da iskar kaka ta bushe, ɓangarorin kwanson biyu sukan murɗe, ya tsage da ƙara, tsabar ta watse a ƙasa tun ba a zo girbi ba. A 2014 masu bincike a Japan suka gano ƙwayar gadon Pdh1 da ke sa wannan murɗewa. Cibiyar IITA, mai reshe a Kano, ta daɗe tana zaɓen irin da ba ya saurin fashewa, kamar TGx 1448-2E, kuma wannan ne aikin da ya fi dacewa da busasshiyar ƙasa irin ta Jigawa.

Gado dai ba ya aiki shi kaɗai. In ruwa ya ɗauke lokacin da kwanso ke cika, tsabar takan fito a motse ko daga iri mai kyau. Waken kuma ba ya jure kwanciyar ruwa, don haka a kwarin kogin Haɗeja gonar tudu ta fi masa fadamar shinkafa. Da yake furensa na yi wa kansa barbara, manomi na iya ajiye tsabar tsiron da ya fi cika kwanso, baɗi ta fito kusan yadda uwarta take.