"A KAI GIDA A GANI": AL'ADAR DA MASU SA TUFA SU MAYAR KE NEMAN KASHEWA

Duk wanda ya saba da cinikin tufafi a Potiskum ya san wata al'ada wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowa na aiki da ita. Magidanci ya taso daga Ngojin ko Mamudo ana jajiberin Salla, ya shiga rumfar mai kaya da saƙon iyalinsa, sai launi ya rikita shi, ya rasa wanda uwargida za ta so. Nan take mai rumfa zai naɗe masa mayafi uku ya ce, "Alhaji, a kai gida a gani, wanda bai yi ba a dawo da shi." Ba rasit, ba shaida, wani lokaci ma ba ko kafin alƙalami. Sanayya kawai.

Wannan al'ada ba don banza ta kafu ba. Mata da yawa ba su zuwa kasuwa, wasu saboda kulle, wasu saboda nisa da hidimar gida, saboda haka dole kasuwa ta je ta same su. Abin da dillaliya ke yi ke nan tun kaka da kakanni: ta karɓi kaya a hannun mai rumfa, ta bi gida gida da ƙullinta, ta bar wa wannan ta kwana da shi ta yi shawara da maigida, gobe ta zo ta karɓi kuɗi ko ta karɓi kayanta, ita kuwa ladarta 'yar la'ada ce.

To, a cikin wannan ƙofa ta mutunci ne waɗansu suka sami hanyar cuta. Mutum ya karɓi kaya ranar Alhamis da sunan za a gani, alhali kuwa akwai ɗaurin aure ranar Asabar. A tura takardar kamfani cikin wuyan riga, a sha biki, a ɗauki hotuna, ran Lahadi a goge a ninke a mayar cikin leda, a aiko yaro ya ce wai ba ta yi daidai ba. Turmin atamfa da yadin shadda sun tsira daga wannan, gama da zarar almakashin tela ya taɓa su magana ta ƙare. Abin ya fi faɗa wa kayan da aka ɗinka tun daga kamfani, watau abaya da mayafi da jallabiya, da hula da takalma da kayan yara.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, balle a ƙasar da mata suka shahara da turaren wuta da humra. Tufar da ta yini a gidan biki a Yobe ko Borno ba ta iya ɓoye inda ta je. Ga hoda a wuya, ga ƙurar hanya a gindin riga, ga shi kuma a zamanin nan hoton bikin kan riga kayan isowa, domin wata ƙawa ta riga ta ɗora shi a WhatsApp. Sau da yawa mai rumfa ya gane sarai, amma ya haɗiye, don mai mayarwar surukin maƙwabcinsa ne, ko kuwa tare suke sahu a masallaci.

Wa ke ɗaukar hasarar? Galibin masu tufafi a wannan yanki daga Kantin Kwari ta Kano suke saro kaya, su biyo hanyar Wudil da Azare da su, kuma da yawansu bashi suke ɗaukowa, sai sun sayar su biya. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar 2023, kayan da ake shigowa da su daga Sin da Dubai suka yi tashin gwauron zabo, har ya zamana riga ɗaya da ta lalace tana iya cinye ribar 'yan uwanta da dama. In ta hannun dillaliya kayan suka bi, abin ya fi muni. Mai rumfa ba zai karɓa ba, wadda ta sa ta rantse ba ta sa ba, sai tsohuwa ta biya daga aljihunta, ko ta rasa amincin da shi ne kaɗai jarinta.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi, shi ne mai saye na gaba. Ɗan kasuwar da ya karɓi rigar da aka sa, ya fesa mata turare, ya rataye ta a matsayin sabuwa, bai warware zalunci ba, ya dai miƙa shi ne ga wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan bawan Allah ya biya kuɗin sabuwa ya tafi da gwanjo.

Masu yin haka ba su rasa hanzari. Sukan ce rigar ba ta yage ba, mai kaya bai rasa kome ba, ga talauci, ga kunyar shiga tsara da tsohuwar tufa, ga anko da ake ɗora wa mutane a kowane biki. Lalle matsin gaskiya ne, kuma masu fito da anko kala uku a biki ɗaya suna da nasu kason na laifi. Amma Bahaushe ya daɗe da sanin aro. An ce zanen aro ba ya rufe katara, duk da haka mai aro ta fito fili ta roƙa, mai zane ta ba da da saninta. Wanda ya sa ya mayar kuwa haya ya ɗauka, bai gaya wa mai kaya ba, bai kuma biya ba.

Abin sha'awa shi ne malaman Malikiyya sun gama da wannan mas'ala tun da daɗewa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, an halatta ciniki bisa zaɓi, aka kuma yanka wa kowane irin kaya wa'adinsa: gida kamar wata guda, dabba kamar kwana uku, tufa ita ma kamar kwana uku. Watau dai "a kai gida a gani" tana da gindi a shari'a. Sai dai a wurin nan aka nuna cewa in an shardanta mai saye zai riƙa sa tufar a cikin wa'adin, cinikin ya ɓaci, kuma sai ya biya ladan sawar da ya yi. Masu sharhi sun bambanta gwaji don a ga tsawo da faɗi, wanda ba laifi, da sawa ta amfani. Haka nan wanda ya ga aibi a tufa sa'an nan ya ci gaba da sa ta, ana ɗaukar sawar nan a matsayin yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi.

Ga mai sayarwa kuma, hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito ya kwaɗaita masa karɓar kaya daga wanda ya yi nadamar saye, da alkawarin Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Wannan alheri ne da aka yi domin mai nadama. Wanda ya shirya mayarwa tun kafin ya ɗauka bai yi nadamar kome ba.

Ba a nan kaɗai ake fama ba. A Amurka, kantin Bloomingdale's ya fara maƙala wa riguna masu tsada wani babban baƙin tambarin roba a 2013, a inda ba ya ɓoyuwa, in an cire shi ba a karɓar riga. A Ingila, kamfanin ASOS ya yi gargaɗi a 2019 cewa zai rufe asusun waɗanda ya lura suna sa kaya suna mayarwa. Su can manyan kamfanoni ne, suna iya raba hasarar a kan miliyoyin masu saye. Mai rumfa ɗaya a Potiskum ba shi da wanda zai raba wa.

Abin da ya rage masa shi ne ya rufe ƙofa, shi ya sa ake ganin allon nan mai cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Allon kuwa bai fi ƙarfin doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye ikon mayar da kayan da ke da aibi ko waɗanda suka saɓa wa abin da aka siffanta masa. Ba ta ba kowa ikon shan biki da rigar kanti ba, amma kuma ba ta yarda ɗan kasuwa ya fake da allo ya tura wa mutane ruɓaɓɓen kaya ba.

Yanzu waɗansu masu rumfa sun koma cewa a ɗauki hoto a aika gida, a zaɓa ta waya, a biya nan take. Hoto kuwa ba ya nuna nauyin yadi, ba ya faɗin gaskiyar launi, kuma ba kowace mace ce a ƙauye ke da babbar waya ba. Sai magidancin nan na Ngojin, wanda bai taɓa cutar kowa ba, ya tsaya gaban mayafi uku yana juya su, ya zaɓi ɗaya da ka, ya hau babur yana addu'ar Allah ya sa a so shi.